Yadda 'Yar Baba Ta Gyara Ƙidayar Tungar Albashir

'Yar Baba ungozoma ta rasu bara, bayan girbin shinkafa. Na san ta tun ina yarinya, kuma ba zan ce mace ce mai daɗin baki ba, don ƙarya ne. Gajeriya ce, mai faɗin tafin hannu kamar na namiji, ga faɗa. Idan mai naƙuda ta cika ihu takan ce mata, "Ranar da kika ci kazar amarci ba mu ji muryarki ba." Amma a shekara arba'in da ɗoriya da ta yi tana yanke cibiya a garinmu ba ta taɓa ƙin fita ba, ko ana ruwa ko tana zazzaɓi. Sunanta na yanka Fatiha. Ubanta ne ya riƙa ɗaukarta a jirgi idan zai je su, kamar ɗa namiji, har sunan 'Yar Baba ya bi ta, na yankan ya ɓace.

Garin namu, Tungar Albashir, ƙaramin ƙauye ne a bakin Kwara, a ƙasar Bagudo. Idan ka hau jirgi mai inji ka yi sama, kafin ka gaji da zama ka shiga Benin. Mutum biyu ne suka kafa shi. Albashir mutumin Dandi ne, masunci, ya gangaro da jirginsa ya kafa bukka yana bandar kifi. Ɗanaudu kuwa Bakabe ne daga wajen Zagga, ya ga fadama kwance ba mai nomanta, ya zuba shinkafa. Dandawa sun ce wutar Albashir ce ta fara tashi a wurin. Kabawa sun ce Ɗanaudu ne ya riga zuwa, komawa ya yi ɗauko iri, kafin ya dawo ya tarar da baƙo. Ni ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba, ba ni da shaida. Abin da na sani shi ne 'ya'yansu sun auri juna. Da Turawa suka ja iyaka, rabin dangin Albashir suka wayi gari a ƙasar Faransa, ba wanda ya tambaye su, su ma ba su fasa zuwa suna da biki ba. A shekarun fari da yunwa kuma Zabarmawa gida bakwai suka zo daga arewa neman abinci. Aka ba su gefen fadama, ba su koma ba.

Garin bai taɓa girma ba. Ana haihuwa sosai, amma samari na fita, wasu acaɓa a Bagudo, wasu fatauci a kan iyaka, 'yan mata kuma aure na kai su wasu tungaye. Ba wanda ya damu da sanin yawanmu. Idan baƙo ya tambayi maigari Abdulganiyu, yakan ce, "Alhamdulillahi, muna da dama." Wadda kawai ta san mu kai da kai ita ce 'Yar Baba, ita kuma ba ta karatu ba ta rubutu. Da ruwa take lissafi. Takan ce wane an haife shi shekarar da kogi ya kai gindin tsamiya, wance kuma shekarar da aka taka ƙafa aka haye tsibiri. Ubanta jikan Albashir ne, uwarta jikar Ɗanaudu. Ta haifi biyar. Babbansu Bunyaminu shi ke fito da jirgi, ƙannensa biyu masunta ne, biyu manoma.

A damina ta 2020 ruwa ya ci mu. Ba shinkafa kaɗai ba, har ɗakuna da rumbuna da masallaci. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Bunyaminu da sauran masu jirage suka kwashe mu zuwa wani tudu, muka kafa bukkoki da tabarmi da buhuna. Muna nan kamar sati uku aka turo wani kwamiti, suka ce ba za a sake barin kowa ya zauna a bakin gaɓa ba. Duk tungar da ta kai mutum ɗari uku za a yanka mata fili a tudu, da sunanta da maigarinta da rijiyar burtsatse. Wadda ba ta kai ba za a raba mutanenta a manyan garuruwa, wasu Sharabi, wasu Zagga.

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Manoma za su bi inda aka kai su. Masunta kuwa ba za su zauna nesa da ruwa ba, jiragensu za su ɗauka su tafi wajen dangi a Benin. 'Yar Baba na da 'ya'ya da jikoki a ɓangarorin biyu. Ta ce wa maigari, "To ni tsaga ni za ku yi, rabi ya hau jirgi rabi ya hau mota?" Maigari ya ce ta kwantar da hankalinta, ai mun fi ɗari uku. Ita ma ta san mun fi, don haka ta koma ta ci gaba da dafa wa masu jego ruwan wanka.

Mai ƙidayar wani saurayi ne, Malam Muktar, haifaffen birni, mai tsabta da ladabi. Da hantsi ya zo, lokacin maza duk sun tafi ceto abin da ya saura a gonaki da neman tarunan da ruwa ya ja. Mata kawai ya tarar. Da yake a cikin matan garin ni ce na yi sakandare, aka ce in zauna kusa da shi in riƙe biro. Yana tambaya, ina rubutawa. Kowace mace ta zo ya ce, "Sunan maigidanki? 'Ya'yanki nawa? Faɗi sunayensu." Sunan miji dai maƙwabciya ke faɗa mata, tunda mace ba ta kiran sunan mijinta. Na 'ya'ya kuwa ita ke jerowa. Tsofaffi kuma ya ce, "Inna, akwai ɗanki da ke gabanki har yanzu?" Su ce a'a, duk sun yi aure. Da la'asar ya haɗa lissafi, ya ce mutum ɗari biyu da sittin da takwas. Ya ba mu haƙuri, ya bar mana kwafi ɗaya, ya tafi.

Washegari maigari ya hau babur ya bi shi har Bagudo. Aka ce masa duk maigarin da ya zo haka yake cewa, an yi kuskure, kuma ranar Alhamis za a miƙa takardu. Ya dawo ya zauna a gindin bishiya. Masunta suka fara duba jiragensu suna toshe ɓaraka.

Ranar Talata da safe 'Yar Baba ta same ni ina tankaɗe. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Zubaida, ɗauko takardar nan ki karanta mani. Ina so in ji wa ya mutu ban sani ba."

Na ɗauko na fara. Gidan farko ta yi shiru, na biyu ma haka. Da na ce, "Sabuwa matar Zulkiflu, 'ya'ya uku," sai ta ɗaga hannu.

"Huɗu na yanke wa cibiya a ɗakin nan. Karanto sunaye."

Na karanta. Ta ce, "Ina Rahma?"

Ba Rahma a takarda. Rahma ita ce 'yar farin Sabuwa, shekararta tara, tun da aka yaye ta tana hannun kakarta. Na ci gaba da karatu, ita kuma tana tsayar da ni. Ina Bilkisu? Ina Abdulnasir? Ina Sailuba? Kafin mu kai rabi na gane abin da ya faru.

A garinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Da an yaye shi kaka ke ɗauka. Idan aka tambayi mace 'ya'yanta nawa, daga na biyu take farawa, ba don ƙarya ba, haka ta ji uwarta na yi. Kakanni kuma an tambaye su 'ya'yansu ne, ba jikoki ba, suka faɗi gaskiya. Waɗanda suka yi aure a cikin 'ya'yan farin sun shiga takarda a gidajensu. Ƙananan kuwa sun faɗa tsakanin uwa da kaka, ba wadda ta ɗauke su. Ni ce na riƙe biro, na san yaran nan ɗaya bayan ɗaya, amma kunnena ya saba, ban ji an tsallake kowa ba. Da muka gama, yara arba'in da ɗaya ne babu.

'Yar Baba ta dube ni ta ce, "Sakandare! Gwamnati ta yi asarar alli."

Gaskiya ta faɗa.

Sauran aiki shi ne a dawo da Malam Muktar. Ranar Laraba zai je ƙidayar wata tunga da ke gaba da mu, kuma Bunyaminu aka ɗauka ya kai shi. Da sassafe 'Yar Baba ta sa aka tara yaran, ta ce kar wanda ya je ko'ina, ta ce in bi ta. Muka shiga jirgin ɗanta muka zauna, bai tambaye mu dalili ba. A mashigi Malam Muktar ya shigo da jakarsa, ya gaishe mu, ya ɗauka hanya ce ta haɗa mu. Da muka zo daidai tudunmu ta ce, ba tare da ta dubi ɗan nata ba, "Mai jirgi, juya."

Bunyaminu, mutum mai shekara hamsin da biyar da furfura a gemu, ya juya jirgi.

Malam Muktar ya ce, "Ba nan za ni ba."

Bunyaminu ya ce, "Na sani, Malam. Amma kai yau kawai za ka yi fushi da ni. Ita kuwa a gida muke."

A tudu muka tarar da gari duka a tsaye, maza ma ba su fita ba. Yaran na jere a rana. 'Yar Baba ta yi masa bayani a taƙaice, na miƙa masa sunayen da na rubuta. Ya saurara da ladabi, ya duba takardar, ya dubi yaran.

Ya ce, "Inna, ba na ce kina ƙarya ba. Amma shekaranjiya a wata tunga an jera mani yara talatin, ashe aro aka yi daga maƙwabta. Waɗannan ta yaya zan san na nan ne?"

Ta ce, "Ni na yanke masu cibiya."

"Ke kika faɗa. Uwayensu kuwa da bakinsu suka ba ni lissafi."

Ta juya ta kira Sabuwa, ta jawo Rahma ta tsayar a gabanta. Duk mai ido ya ga kama, har wushiryar iri ɗaya. Ta ce, "Ke Sabuwa, gaya wa Malam. Wagga yarinya ɗiyar wa ce?"

Sabuwa ta ja gyale ta rufe fuska. Surukinta na tsaye, ga maigari, ga maza. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ta ɗakin Inna ce," tana nufin kakar yarinyar.

Malam Muktar ya ce, "To kin ji. Ta ce ba tata ba ce."

Aka kira wata, ta ruga bayan bukka. Aka kira Zulkiflu uban Rahma, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa, ya ce shi dai yana ganin yarinyar a gari. Abu ya ƙara lalacewa. Malam Muktar ya ce ya san da kunyar ɗan fari, yana jin labarinta wajen tsofaffi, amma bai yarda akwai uwar da za ta bar ɗanta a waje a takardar gwamnati ba. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne, kuma mahaifiyata da sunana take kirana."

'Yar Baba ta ce, "Allah shi shirye ta. Shi ya sa ba ka jin magana."

Daga nan ta juya kan matan. Ban taɓa jin ta yi faɗa irin na ranar ba. Ta ce lokacin da suke durƙushe suna kiran sunanta ba su ji kunya ba. Ta ce kunyar da za ta watsa gari ba kunya ba ce, sakarci ne. Ta ce gobe idan aka zuba su a mota, wasu Zagga wasu Sharabi, mazansu kuma suka yi Benin, sai su dafa kunyar su ci. "Ku buɗe baki! Mi ne ne a ciki? Ɗa ne, ba sata kuka yi ba!" Matan dai kai a ƙasa, ba wadda ta motsa.

Malam Muktar ya duba agogo, ya fara mayar da takardu cikin jaka. Ina jin don ya sassauta mata ne kafin ya tafi ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna. Ke naki 'ya'yan nawa ne?"

Ta ce, "Huɗu."

Ko numfashi ba ta ja ba kafin ta faɗa. Sai wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, sai gari duka ya ɗauka. Maigari da ya kwana uku bai yi murmushi ba ya riƙe ciki. Matan da ta gama zagi suka yaye gyale suna tafawa. Malam Muktar ya tsaya yana dube-dube, bai san abin da ake yi wa dariya ba.

Bunyaminu ya dogara da gorar tuƙinsa ya ce, "Ni ne na biyar ɗin, Malam, a taru aka kamo ni."

Malam Muktar ya dube shi, ya dube ta. Ya ce, "Inna, wannan ɗanki ne?"

Ta kau da kai wajen kogi. Ta ce, "Na ga dai a gidanmu ya girma."

"Mene ne sunansa?"

"Ga shi nan tsaye da gemunsa. Ba shi da baki ne?"

Ya yi ta lallashinta, mata na zuga shi, suna mayar mata da maganarta: "Buɗe baki, Inna, mi ne ne a ciki?" Ta ce wa Sabuwa idan ta sake yin ciki ta nemi wata ungozomar. Sunan dai ba ta faɗa ba. Tsohuwar da ta fi kowa son a gyara ƙidayar, wadda ta tare jirgi don haka, ita ma ta kasa. Malam Muktar ya ga abin da idonsa. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye, sa'an nan ya nemi turmi ya kifa ya zauna, ya sake fito da takardu.

A wannan karon bai tambayi uwa ko ɗaya ba. Kakanni ya kira, ya canza tambaya: "Wa kike riƙo?" Kaka kuwa ba ta da kunyar jika, har kirari take yi masa. Kowace ta jawo nata ta faɗi suna, 'Yar Baba ta faɗi uwa da uba da shekarar haihuwa, ni kuma in mayar da shekarar ruwan tsamiya zuwa lamba. Inda katin rigakafi ya tsira daga ruwa ya karɓa ya gwada da abin da ta faɗa. Kati goma sha shida aka samu, ba ta yi kuskure a ko ɗaya ba. Bai yarda da komai ido rufe ba. Yara biyu da ke hannun kakanninsu a Benin ya ce ba zai sa su ba, tunda ba a nan suke kwana ba. Ta yi faɗa, ta ce cibiyarsu a nan take binne. Ya ce shi mutane aka aiko shi ya ƙirga. Ta sha kaye a wannan, kuma har ta mutu tana cewa yaron nan ya cuce ta mutum biyu. Aka tashi da ɗari uku da bakwai.

Da zai shiga jirgi ya durƙusa ya yi mata sallama. Ta ba shi bandar kifi a ƙunshe cikin takarda, ta ce ya kai wa mahaifiyarsa, ya gaya mata ta riƙa jin nauyi.

Bayan wata biyu takarda ta iso, aka yanka mana fili a tudu da sunan Tungar Albashir. Ba aljanna ba ce. Tafiyar minti ashirin ce zuwa bakin ruwa, masunta har yau suna gunaguni, ƙasar kuma tsakuwa ce, sai da aka karya fartanya da yawa kafin a kafa ɗakuna. Rijiyar ma sai da aka shekara kafin a haƙa. Amma ba gidan da ya tafi Benin, ba wanda aka kai Zagga ko Sharabi. Dandawa da Kabawa da Zabarmawa duk muka hau tare, kowa da maƙwabcinsa na da. 'Yar Baba ta kafa ɗakinta a tsakiya, masuntan 'ya'yanta ta gabas, manoman ta yamma, tana zagin kowa ba sai ta yi tafiya ba.

Ba mu cika sati biyu da tarewa ba naƙuda ta kama Rabi'atu, wata jikar Zabarmawa, cikin fari. Ɗakin ko jinka ba a ɗora masa ba, tabarma aka shimfiɗa a sama don rana. Wajen azahar ta sauka, namiji. Shi ne farkon wanda aka haifa a sabon gari. 'Yar Baba ta fito tana wanke hannu a ƙwarya, ta aika a kira ni. Na zo na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta gaji, don lokacin ƙarfinta ya fara raguwa.

Ta ce, "Zubaida, kina da sauran takarda?"

Na ce ina da.

Ta ce, "To ki rubuta wanga tun yau, suna ya biyo baya. Kuma kar ki tambayi uwar."